Ƙofar Ruwa Da Haƙƙin Wanda Ke Bayanka

Ƙofar Ruwa tana arewacin tsohon birnin Kano, ba nisa da Dutsen Dala, kuma asalinta ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar da ta kewaye birnin. Amma a bakin Bakanon yau, idan aka ambaci sunan, ba ƙofa ake nufi ba, kasuwa ake nufi: kasuwar ƙarafa, da rodi, da kayan gini, da kayan gyaran mota sababbi da na hannu. Masu ba da tarihi sun ce waɗanda suka fara zama a gindin Dala maƙera ne da suka zo neman tama. In haka ne, to ƙarfe bai bar wannan yanki ba har yau, sai dai ya sauya kama. Jiya daga ƙasa ake tono shi a narka, yau kuwa a tirela ake sauke shi, yana ɗauke da tambarin Faransa ko Jamus ko Japan.

Mai shiga kasuwar da hantsi, kunnensa ne zai fara sanar da shi inda ya iso. Guduma tana dukan bodin mota a nan, injin walda yana tartsatsi a can, masu baro suna neman hanya, wani yaro yana rangaɗa wa maigidansa kira daga tsallaken layi. Ƙasar wurin ta yi baƙi saboda man inji na shekara da shekaru. A rumfuna an jera ƙofofin mota kamar littattafai a kanta, an rataye fitilun gaba da na baya, an tara injuna da akwatunan giya, kowanne da lambar da aka rubuta masa da farin fenti. Mai rumfa ba ya buƙatar duba takarda kafin ya gaya maka cewa fitilar wannan ƙira ba ta shiga waccan, ko da kuwa a ido tamkar tagwaye suke.

Tarihin motocinmu a shimfiɗe yake a wannan kasuwa ga mai son karantawa. Akwai ragowar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan da kamfanin ya fara aiki a 1975, har ta zama motar gwamnati da ta 'yan haya a lokaci guda. Akwai 505 da 406 da suka biyo bayanta. Akwai Golf ta shekarun 1990, wadda Turawa suka daɗe da sallama amma har gobe take jigilar fasinja tsakanin garuruwanmu, sannan ga Sharan da Hiace da tsofaffin Corolla da Civic. Mafi yawan waɗannan motoci sun haura shekara 20, wasu sun haura 30. Tsadar sabuwar mota ta sa malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa da direban tasha ba su da zaɓin da ya wuce lallaɓa tsohuwa, kuma wurare irin su Ƙofar Ruwa, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, su ne ke riƙe da numfashin waɗannan motoci.

A cikin masu sana'ar da ke zaune a gefen kasuwar, wanda kayan aikinsa suka fi ƙanƙanta shi ne mai wayarin. Bakanike yana da jak da manyan sifanu, mai gyaran bodi yana da guduma da tukunyar gas. Shi kuwa mai wayarin, abin da ke cikin akwatinsa bai wuce filaya, da sukundireba, da baƙin salatif, da guntayen wayoyi masu launi-launi ba, sai mita idan yana da hali. Babban makaminsa ƙwan fitila ne guda ɗaya da aka liƙa wa wayoyi biyu. Zai maƙala ɗaya a jikin mota, ya riƙa taɓa wurare da ɗayan. Inda ƙwan ya kama, wuta ta iso nan. Inda bai kama ba, ta tsaya a baya.

Abin da ya kai ni wurin ɗayansu a ƙarshen daminar da ta wuce shi ne danjar motata, wato jar fitilar baya da ke kamawa idan an taka birki. Wani mai a-daidaita-sahu ne ya matso kusa da ni a cunkoson yamma ya ce, "Alhaji, danjarka ta hagu tana wasa, in ka taka birki sai ta ɗauke." Na yi masa godiya, domin ya gaya mini abin da ba ni da hanyar gani daga inda nake zaune. Wannan ita ce siffar da ta bambanta danja da sauran kayan mota. Idan fitilar gaba ta mutu, direba ne farkon wanda zai sani. Idan hon ya daina kuka, shi ne zai fara jin shiru. Danja kuwa ba don mai mota aka yi ta ba, don na bayansa aka yi ta, kuma mutum zai iya shekara yana tuƙi da matacciyar danja bai rasa komai ba a nasa ganin. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A kan titi maganar ta zama zahiri, domin kowane direba yana ganin danjar kowa ban da tasa.

Lissafi kaɗan zai nuna nauyin al'amarin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kimanin tsawon ƙananan motoci shida a jere. Idan danjar na gaba tana aiki, na baya yana samun labari tun lokacin da ƙafar na gaba ta taɓa birki. Idan ba ta aiki, sai ya jira idonsa ya lura cewa motar gaban tana ƙara girma, kuma kafin nan daƙiƙa ɗaya ko biyu sun tafi. Da rana ma wannan jinkiri yana da haɗari, balle da dare, ko cikin ruwan sama, ko hazon hunturu. Saboda haka ne Amurka ta wajabta ƙarin fitilar birki ta uku, wadda ake sawa a sama ta tsakiya, ga ƙananan motoci tun daga ƙirar 1986. Da yawa daga cikin tsofaffin motocinmu ba su da ita, biyun da ke gefe su ne kaɗai bakin da suke magana da shi.

Mai wayarin da aka nuna mini dattijo ne mai ƙarancin magana, yana da yara uku masu koyon aiki. Bai taɓa motar ba sai da ya yi mini tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Gefe ɗaya ne ko duka biyun? An taɓa buge motar ta baya? An sa mata sabuwar rediyo ko wata fitilar ado? Daga nan ya ce wa ƙaramin yaron, "Shiga ka taka mana birki, kada ka saki sai na ce." Ya tsaya a baya ya harɗe hannu yana kallo. Ya ce a kunna ƙananan fitilu a sake takawa. Ya ce a sa tirafiketa ta hagu, sannan ta dama. Duk wannan kafin a kwance noti ko ɗaya.

Da ya ga ina son fahimta, sai ya zana mini hanyar wutar a ƙasa da bakin sukundireba. Wuta tana tashi daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta bi ta fiyus, ta isa wani ɗan makunni da ke saman ƙafar birki. Muddin ba a taka birki ba, ƙarfen ƙafar yana danne da maɓallin makunnin, hanya a rufe take. Da zarar an taka, maɓallin ya saki, wuta ta wuce ta bi doguwar waya a ƙarƙashin kafet har bayan mota, ta rabu hagu da dama, ta shiga ƙwan fitila. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Malam, a nan mutane suke tsayawa, alhali tafiyar ba ta ƙare ba. Wuta ba ta aiki sai ta koma gida." Hanyar komawarta ita ce ƙarfen jikin motar kansa. Daga kowace fitila akwai gajeriyar waya da aka ɗaure da noti a jikin bodi, kuma bodin a haɗe yake da ɗaya kan batir. Zango biyar ke nan: fiyus, makunni, doguwar waya, ƙwai da mazauninsa, sai hanyar komawa. Duk matsalar danja tana ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya burge ni shi ne yadda alamomin da kansu suke rage masa aiki. Idan gefe ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana kamawa, to babu dalilin zargin fiyus ko makunni, domin su biyun na kowa ne, da ɗayansu ya lalace da duka fitilun sun ɗauke. Sai a nufi ƙwai, ko mazauninsa, ko wayar wannan gefen. Idan duka biyun suka mutu lokaci guda, da wuya a ce ƙwai biyu sun ƙone rana ɗaya, sai a fara da fiyus, sannan a gwada makunni: wuta tana shiga? Idan an taka, tana fita? Idan tana shiga ba ta fita, makunnin ne. Idan tana fita amma ba ta isa baya, waya ta tsinke a hanya, kuma wuraren da ta fi tsinkewa su ne inda ake yawan lanƙwasa ta, ko inda aka taɓa yin walda, ko inda ɓera ya samu shiga. A motocin da ke canja giya da kansu akwai ƙarin shaida, domin a yawancinsu idan makunnin birki ya mutu, sandar giya takan ƙi barin wurin da aka ajiye ta. Akwai kuma akasin haka, wato danja ta ƙi mutuwa ko an kashe mota, ta kwana tana ci har batir ya ƙare. Sau da yawa wata 'yar roba ce da ke danne maɓallin makunnin ta tsufa ta farfashe, abin da bai kai girman ƙwandala ba.

Tawa matsalar ba ta cikin waɗannan, ta fi su rikitarwa a ido. Da rana danjar hagu tana kamawa dishi-dishi. Idan an kunna ƙananan fitilu aka taka birki, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Idan an sa tirafiketa, sai jar fitilar ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Babban yaron ya ce, "Oga, ko a canja fitilar gaba ɗaya? Akwai ta hannu a layin baya." Dattijon ya girgiza kai. Ya ɗauki guntuwar waya, ya taɓa kanta ɗaya a ƙarfen mazaunin ƙwan, ɗayan a wani noti mai tsabta a jikin but. Nan take danjar ta kama jawur, ƙiftawar ta tsaya. Ya cire wayar, cutar ta dawo. Ya mayar, ta tafi.

Bayanin da ya yi ya dace da abin da ke cikin littattafan kimiyya. Ƙwan baya na irin waɗannan motoci yana da zare biyu a ciki, ɗaya mai wat 21 na birki, ɗaya mai wat 5 na ƙaramar fitila, kuma hanyar komawarsu ɗaya ce. Idan wannan hanya ta toshe, wutar birki ba ta haƙura, sai ta nemi wata mafita. Takan kutsa ta cikin zaren ƙaramar fitila ko na tirafiketa ta koma ta bayan gida, shi ya sa hasken yake raunana, wasu fitilun da ba a kunna ba su riƙa amsawa. Idan kuma an kunna ƙananan fitilu, wuta ta tsaya a ɓangarorin biyu da ƙarfi ɗaya, babu mai gangarawa, sai fitilar ta mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wato da dare. Da aka ɗaga kafet ɗin but, sai ga notin da ke riƙe da wayar komawa ya yi tsatsa, bakin wayar ya yi kore. Robar da ke kewaye da fitilar ta tsufa, ruwan damina yana tsiyaya ta nan yana kwanciya. Aka kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, aka yanke ruɓaɓɓen bakin wayar aka sa sabo, aka ɗaure, aka shafa giris, aka toshe inda ruwa ke bi. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma ba a sayi komai ba sai ɗan ƙarfen bakin waya.

Ina zaune a kan benci ana wannan aiki sai wani direban haya ya iso da tasa damuwar, wai fiyus ɗin danjarsa yana ƙonewa duk lokacin da ya taka birki. Yana sauri, fasinja suna jiransa a tasha. Ya ce, "Baba, ka ɗaura mini waya a wurin kawai, in na dawo a duba." Dattijon ya ƙi. Ya ce fiyus ba ya ƙonewa don ganin dama. Ƙwai biyu masu wat 21 ba su jan abin da ya wuce amfiya uku da rabi, fiyus ɗinsu kuwa yakan ɗauki 10 ko 15, don haka idan ya ƙone, akwai inda robar waya ta goge, jan ƙarfen cikinta yana taɓa bodi. An yi fiyus ne ya zama wuri mafi rauni a hanyar, don ya mutu a madadin waya. Wanda ya cire shi ya ɗaura waya, ko ya sa koren fiyus mai 30 a gurbin ja mai 10, ya mayar da raunin cikin damin wayoyin da ke ƙarƙashin kafet, kusa da soso da roba, a motar da ke ɗauke da fetur da mutane. Direban ya yi ƙunƙuni, ya ja motarsa ya tafi. Dattijon bai ce komai ba, amma ni da shi mun san cewa ba zai rasa wanda zai yi masa abin da yake so ba kafin ya fita daga unguwar.

A nan ne nake ganin gyaran tsofaffin motoci a ƙasarmu ya rabu gida biyu. Akwai mai bin sawun cuta har ya kai ga tushenta, akwai kuma mai canje-canje, wanda zai sa ka sayi ƙwai, in bai yi ba ka sayi makunni, in bai yi ba ya yanke waya ya jawo wata daga inda ya ga wuta, ya naɗe da salatif. Motar da ta bi ta hannun irin waɗannan sau biyar ko shida, wayarinta yakan zama kamar saƙar gizo, launin waya ba ya nuna komai, kuma ko gwani sai ya sha wahala kafin ya gane kanta. Ba daidai ba ne a ɗora wa masu sana'ar laifin duka. Mai mota da ke son a gama cikin minti goma, wanda yake ganin kuɗin kaya halal ne amma kuɗin bincike zalunci ne, shi ne yake renon gwanin canje-canje. Mun saba biyan abin da za mu iya riƙewa a hannu, ba mu saba biyan tunani ba.

Mu da muke koyarwa a jami'a muna shafe zango guda muna nuna wa ɗalibai hanyoyin bincike: a tattara alamomi, a jera abubuwan da ake zargi, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kada a sauya abu biyu lokaci guda, kada a yanke hukunci sai gwaji ya maimaita kansa. Abin da na gani a gindin wannan rumfa shi ne wannan darasi, ba allo ba takarda. Lokacin da dattijon ya sa waya cutar ta tafi, ya cire ta dawo, ya sake sawa don ya tabbatar, ya cika sharaɗin da muke nema a kundin digiri. Abin da yaransa suka rasa shi ne karatun da zai ba su damar fahimtar taswirar wayarin da kuma motocin zamani masu kwamfuta. Abin da ɗalibanmu na fannin injiniya suka rasa shi ne hannun da ya saba da tsatsa. Tsakanin kwalejojin fasaha da rumfunan Ƙofar Ruwa tafiyar mintoci ce a mota, kuma da za a shirya gajerun kwasa-kwasan yamma da Hausa ga masu koyon wayarin, a kuma riƙa tura ɗalibai rumfuna don sanin makamar aiki, da kowane ɓangare ya ƙaru.

Wanda yake son ganin sakamakon waɗannan ƙananan gyare-gyare, ya bi hanyar Kano zuwa Zariya bayan sallar isha, ta Kura da Kwanar Dangora, ya riƙa lura da bayan motocin da ke gabansa. Zai ga mai danja ɗaya, wadda daga nesa za a ɗauka babur ce. Zai ga wadda fitilarta ta fashe aka bar farin ƙwai tsirara, ba a sanin tafiya take ko tahowa. Zai ga babbar mota maƙare da kaya tana jan ciki a duhu, babu ko ɗigon ja a bayanta, sai ƙura da ta rufe ɗan abin da ya rage. A watannin Disamba da Janairu, idan hazo ya sauka, abin ya fi haka muni. A yankin Ƙofar Ruwa ɗin nan ne Asibitin Ƙashi na Dala yake, inda ake kai da yawa daga cikin waɗanda suka karye a haɗarin hanya. Kasuwar da ake sayar da ƙwan fitila da asibitin da ake ɗora ƙashi maƙwabtan juna ne, kuma bambancin kuɗin da ake kashewa a wuraren biyu ya ishi mai hankali wa'azi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, suna da hurumin tsayar da motar da fitilunta ba su aiki. Sai dai jami'i ba zai tsaya a bayan kowace mota ba. Inda abin zai fi tasiri shi ne tasha. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi suna da ikon hana mota lodi saboda kuɗin ƙungiya, don haka suna da ikon hana ta lodi saboda danja, kuma dubawar ba ta wuce minti ɗaya: direba ya taka, ɗan kamasho ya leƙa. Fasinja ma yana da bakin tambaya kafin ya shiga motar dare.

Mai motar gida kuwa ba ya buƙatar kowa. Ya juya bayan motarsa kusa da bango da magariba, ya taka birki, ya duba madubi, zai ga jan haske a bangon hagu da dama, ko ya ga babu. Ya kunna ƙananan fitilu ya sake takawa, domin kamar yadda muka gani, wata cutar ba ta bayyana sai an haɗa biyun. Ya yi haka sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Idan zai canja ƙwai, ya tabbatar mai zare biyu ya maye gurbin mai zare biyu, kuma kada ya tura shi da ƙarfi, domin 'yan ƙusoshin gindinsa ba daidai suke ba, ta fuska ɗaya kawai yake zama. Idan ya kai gyara, ya ba mai wayarin lokaci, ya biya shi ladan bincikensa ko da bai canja komai ba. Addininmu ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, kuma motar da ke tsayawa a duhu ba tare da ta sanar da na bayanta ba tana cikin abubuwan da ya kamata a kawar. Wanda ke bayanka bai san ka ba, bai zaɓe ka ba, amma ya dogara da fitilarka a kan ransa da na iyalinsa. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.